KWAƊON RANAR RUFE RUMBU

Akwai abubuwan da mutum kan tashi ya tarar ana yi a gidansu, ya yi ta gani shekara da shekaru bai taɓa tambayar dalili ba, sai ranar da ya sa hannu ya ture su sannan ya gane ashe a kansu jinkar gidan take zaune. Mu dai a gidanmu abin nan ba wani abu ba ne illa kwano guda na kwaɗon zogale. Mai karatu zai iya yin dariya, ya ce yanzu duk abubuwan da ke damun jama'a a rasa abin da za a cika shafi da shi sai kwaɗo? To a yi mana haƙuri a bi mu sannu, domin kuwa wannan kwano ya koya mana karatun da ba mu samu a makaranta ba, kuma sai da muka sha kunya kafin karatun ya zauna.

Mu tara ne 'ya'yan gidanmu, maza shida mata uku, kuma an haife mu a wani ƙauye da ke ƙasar Minjibir, tsakanin garin Minjibir da Kunya. Duk wanda ya san wannan yanki ya san babu daji a cikinsa. Gona ce ke bin gona, gida ke kallon gida, iyakar wani ita ce farkon ta wani, kuma ba a barin ƙasa ta huta ko da shekara guda. Abin da ke riƙe da ita shi ne taki, wanda iyayenmu kan yi ta jida a mangala bisa jakuna tun rani, wani daga turken dabbobi, wani kuwa tun daga birnin Kano. A kunya guda za ka ga gero da dawa da wake da gyaɗa sun haɗa kafaɗa, ga kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo tsaitsaye a tsakiyar gonaki, kowace da mai ita. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore ya yi ta nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, yana mamakin yadda ƙasa kaɗan ke ciyar da mutane masu yawa haka ba tare da ta mutu ba. Yau ma cibiyar binciken aikin gona ta IITA tana da gonar gwaji a ƙasar Minjibir inda ake fitar da sababbin irin wake. Amma mu da muka tashi a wurin mun san asirin ba a takarda yake ba. Hannuwa ne. Irin wannan noma ba ya yiwuwa sai da hannu da yawa, daga sharar gona zuwa shuka, daga noman firi zuwa maimai, daga girbi zuwa ɗaurin dami.

Mahaifinmu, wanda duk muke kira Malam, yana da gandu madaidaici. Hannunmu kaɗai ba ya isa, musamman da yake ya dage sai mun yi karatun boko, saboda haka kowace damina akwai masu taya mu. Wasu gayya ce ke kawo su, a yi ta yi da gangar noma daga hantsi zuwa azahar, a sha fura a watse, ranar da aka kira tasu mu ma mu je. Wasu 'yan ƙwadago ne, a yi jinga da su a biya su. Akwai kuma almajirai masu zuwa roron wake, da mai jakin da ke kwaso damma. Idan kaka ta yi, an yanke gero, an cire gyaɗa, an kai dawa gida, dami na ƙarshe ya shiga rumbu, sai Malam ya sa rana. A wasu ƙauyukan arewacin Kano a irin wannan lokaci ne ake bikin kalankuwa, samari da 'yan mata su yi ado, a yi kiɗa da dambe da kokawa. Namu bai kai nan ba. Zama ne kawai na yini guda a gindin tsamiyar da ke bakin gonarmu, kuma a gida muna ce masa ranar rufe rumbu.

Ranar nan duk wanda gumin goshinsa ya ɗiga a gonarmu a wannan shekara sai an je har gida an kira shi. Ba a aika yaro ƙarami, mu manyan ake aikawa, kuma Malam kan ce idan mun je mu durƙusa. Ana shimfiɗa tabarmi, a kawo tuwon sabuwar dawa da miyar taushe wadda ta ji kabewa, a kawo fura a manyan ƙore. Idan shekara ta yi kyau a yanka ɗan akuya, idan ba ta yi ba a haƙura da man shanu. Mu 'ya'yan gida ba ma zama. Mu ne masu ɗauko ruwan wanke hannu, mu ne masu ƙaro miya, kuma ba ma sa loma a baki sai baƙo na ƙarshe ya ce ya ƙoshi. Amma akwai abu guda da ba a ba mu mu ɗauka. Idan an ci tuwo an natsu, sai Malam ya miƙe da kansa ya shiga gida, ya fito rungume da wani babban kwano mai murfi, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ɗibar musu kwaɗon zogale da hannunsa, yana kiran sunan kowa, yana ambaton aikin da ya yi. Wane, kai ka yi mana huɗar gonar gabas ranar da aka kwana ana ruwa. Wane, jakinka bai huta ba bana. Almajiri ɗan shekara goma sha biyu ma sai an tuna masa buhun waken da ya rora.

Wata shekara Yayanmu, lokacin yana ɗan sakandare mai jin kansa, ya tambayi Malam me ya sa yake wahalar da kansa a kan ganye, alhali ga tuwo ga nama an bar wa yara su raba. Malam ya dube shi ya ce, “Tuwo hakkinsu ne. Wanda ya yi maka aiki dole ka ciyar da shi, ko kana so ko ba ka so. Kwaɗo kuwa ba wanda ya yi jinga da ni a kansa. Abin da ba a bin ka bashinsa, shi ne kaɗai za ka iya ba mutum ya san ka gode.” Mun ji maganar, mun kuma ajiye ta inda yara kan ajiye maganar manya.

Wannan kwaɗo Goggo ce ke yin sa, wato yayar mahaifinmu, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta tun ba a haifi yawancinmu ba. Kuma ya kamata mu ɗan tsaya a nan, domin wanda ya saba sayen kwaɗo a ƙulle a leda a bakin tasha ba zai san aikin da ke cikinsa ba. Kwaɗon Goggo kwana uku yake ci. Ranar farko ta gyaɗa ce. Za ta ɓare ta, ta soya a babban kasko tana juyawa har ta yi ja ba tare da ta ƙone ba, ta murje, ta fece ɓawon a faifai. A da a turmi ake kirɓa ta, daga baya aka samu injin niƙa a gari. Sai ta zuba ƙullun a turmi tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa da taɓarya, tana juyawa, har mai ya fara tasowa yana kwanciya a sama. Ta kwashe man, ta matse abin da ya rage, wato tunkuza, ta mulmula shi ta soya a cikin mansa. Ƙuli-ƙuli ke nan. Rana ta biyu ta zogale ce. Bishiyoyin suna nan jere a dangar bayan gida, kuma da yake a ƙarshen kaka ganye ya fara ja baya, sai an bi reshe-reshe an zaɓo mai taushi. A zauna a tsinke shi tsinke-tsinke, kada a bar ko ƙaramin itace da zai soki harshen baƙo. Da asubar rana ta uku take dafa shi, ta zubar da ruwan farko saboda ɗaci, ta bar shi ya huce, sannan ta matse shi dunƙule-dunƙule har sai ya daina ɗiga. Ta daka ƙuli da barkono da gishiri da 'yar citta, ta yanka albasa da tumatir da attaruhu, ta haɗa, ta yaryaɗa man gyaɗar nan da ta fitar da hannunta, ta cuɗa da yatsu tana ɗanɗanawa. Wata shekarar takan sa rama kaɗan don tsami.

Idan aka lura, babu komai a cikin kwanon nan da ya zo daga nesa, in ban da gishiri. Ganyen danga ne da ragowar gyaɗar da aka tatse. Ita kuwa gyaɗa tarihin talakan ƙasar Kano ce gaba ɗaya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya buɗe a 1912, manoman ƙauyuka irin namu ne suka noma gyaɗar da aka tara dalar nan da ake bugawa a hotuna, wadda ta yi wa attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna, ta kuma cika baitulmalin gwamnati. Fari na 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, dala ta baje. Hoton dala ya rage, sunayen attajirai sun rage, amma ba wanda ya rubuta sunan mutum guda daga cikin waɗanda suka duƙa suka cire ta. Abin da ya saura a hannun manomi daga wannan arziki shi ne abin da matarsa ta iya fitarwa a turmi: kwalbar mai da ƙuli-ƙuli. Da shi ake biyan kuɗin makarantar allo, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya mace, kuma da shi Malam yake yi wa ma'aikatansa godiya.

Kwanci tashi muka watse. Karatun da Malam ya dage a kai ya kai mu birni, wannan malamin makaranta, wannan ma'aikacin asibiti, wannan ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Muka zama masu albashi, muka kuma sami ranarmu ta ma'aikata, 1 ga watan Mayu. Abin alfahari ne cewa a Nijeriya jihar Kano ce ta fara ba da hutun wannan rana a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP, kafin gwamnatin Shehu Shagari ta mai da ita hutun ƙasa baki ɗaya a 1981. Asalinta kuwa gwagwarmayar ma'aikatan birnin Chicago ce a 1886, masu neman a tsai da aiki a awa takwas. Su Amurkawan da abin ya faru a ƙasarsu ba a Mayu suke tasu ba, sai Litinin ta farko a watan Satumba, wadda ta zama hutun ƙasarsu a 1894. Tana zuwa ne a ƙarshen lokacin zafinsu, iyalai su fita fili su shimfiɗa, a gasa nama, kowa ya kawo ɗan abin haɗi daga gida, kwaɗon dankali ko na kabeji. Da muka ji haka sai muka ce ashe ko'ina ɗan Adam ɗaya ne, idan aiki ya ƙare yana son a zauna a ƙasa a ci abu tare.

To amma mu dubi tamu. Ranar 1 ga Mayu, sa'ad da muke sanye da anko muna maci a filin wasa ana jawabai, a ƙauyenmu bazara ce tsagwaronta. Mutane na can suna sharar gona, suna watsa taki, suna duban gabas. Ba wanda ya ba su hutu, ba su da ƙungiya, ba su da tuta. Ko da aka sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a watan Yulin 2024, dokar ba ta hau kan masu aikin lokaci-lokaci irin na gona ba. Ashe ke nan mutumin da ke ciyar da mai albashi ba shi da ranar ma'aikata, sai fa irin wadda Malam ya ƙirƙira a gindin tsamiya. Wannan duk mun san shi a ka, muna ma iya yin lacca a kansa. Sanin bai hana mu yin abin da muka yi ba.

Bayan rasuwar Malam ba mu raba gandun ba, muka bar shi a hannun ɗan ƙanin mahaifinmu, muna aika kuɗin taki da na ƙwadago, muna zuwa rufe rumbu duk shekara, ko da dai kwanon ya koma hannun yara. Sai kakar 2023 ta zo. Tun ranar 29 ga Mayu da aka janye tallafin man fetur komai ya tashi, kuɗin mota ya ninka, albashi kuwa yana nan inda yake. Muka taru a gidan Yaya a Kano muka baje lissafi. Kuɗin motar mutum tara da iyalansu, ɗan akuya, kayan miya, itace. Autanmu, wanda yake jami'i ne a ƙungiyar malamai, ya kawo shawarar da ta burge kowa. Ya ce mu daina yaudarar kanmu, talaka ba biki yake bukata ba, kuɗi yake bukata. A tattara abin da za a kashe a raba wa ma'aikatan, kowa ya sami ƙari a kan jingarsa. Muka ga wannan ai ita ce wayewa, ita ce ma adalci. Muka tura kuɗin ta waya, aka cire a wurin mai POS a Minjibir, aka raba. Ba wanda ya taka ƙafa. Kuma a cikinmu mu tara, ba wanda ya tuna ya aika wa Goggo cewa an fasa.

Sai da rani ya yi tsakiya wata ta'aziyya ta kai mu gida. Bayan mun fito daga gidan rasuwar muka biya mu gai da wani dattijo wanda tun muna yara yake aiki a gonarmu, shi ne ma ya koya wa yawancinmu riƙon fartanya. Muka same shi a inuwar katanga yana tufkar igiya. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ce, “Baba, muna fata saƙo ya iso.” Ya ce, “Ya iso, ko kwabo ba a rage ba. Allah ya yi muku albarka, ya yi mini rana, don da shi na sayi maganin mai ɗakina.” Muka ji daɗi, har Auta ya ɗan dube mu. Dattijon ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Sai dai ni shekara talatin da wani abu ina shiga gonar gidanku, ban taɓa sanin ni ɗan ƙwadago ba ne sai bana.”

Ba wanda ya iya cewa uffan. Shi ne ya kawar da shirun, ya ce, “Ai da ba don kwaɗon da Goggonku ta aiko ba, da na ce gidan Malam ya tashi.”

Wane kwaɗo? Muka dubi juna. A nan muka ji labarin da ba wanda ya ba mu. Ashe da dami na ƙarshe ya shiga rumbu, Goggo ta soya gyaɗarta kamar kullum, ta fitar da mai, ta sa jikoki sun tsinke zogale, tana jiran motocinmu. Da ta ji an raba kuɗi an sallami kowa, ba ta ce komai ba. Ta tashi da asuba ta dafa ganyenta, ta cuɗa, ta rarraba a ƙananan kwanuka, ta sa yara suka bi gida-gida, wajen gida talatin, kowane da saƙon cewa gidan Malam na godiya. Tsohuwa mai shekara kusan tamanin, wadda idonta ya fara hazo, ita ta rufa mana asiri muna can muna yabon kanmu.

Muka shiga wurinta jiki a sanyaye. Yaya ya fara kame-kamen ba da haƙuri, ta katse shi. “Ku yaran nan, ni ba wanda ya aiko mini an fasa. Ko da an aiko ma, gyaɗar tawa ce, zogalen na danga ne, hannun kuma nawa ne. Izinin wa zan nema? Mutane sun ƙone a rana saboda ku ci, a ce ko sannu ba a yi musu ba?” Auta ya ce, “Goggo, ai mun ƙara musu kuɗi.” Ta ce, “Kun kyauta. Kuɗin ya kira sunan wani?”

A hanyarmu ta komawa Kano gardama ta kaure a mota, kuma gaskiya ce ta sa za mu kawo ta a nan, don kada a ɗauka Auta ba shi da hujja. Ya ce shi har yanzu yana kan bakansa ta wani fanni. Sau nawa masu hali ke fakewa da tuwo da fara'a su danne hakkin talaka? Sau nawa ake ce wa mutum ai kai ɗan gida ne, don kawai kada ya buɗe baki ya nemi ƙari? Ya tuna mana cewa Malam kansa, Allah ya jiƙansa, akwai shekarun da sai ya sayar da gyaɗa sannan yake cika wa mutane kuɗinsu, su kuwa kunya ta hana su tambaya. Kwaɗo ba ya sayen magani, dattijon nan da bakinsa ya faɗi abin da kuɗin ya yi masa. Wannan duk gaskiya ne, kuma addini ma ya hore mu da gaggauta biyan ma'aikaci ba tare da jan rai ba. Amma babbar yayarmu mace, wadda tun da aka taso ba ta yi magana ba, ta ce kuskurenmu shi ne da muka ɗauka dole sai an zaɓi ɗaya. Malam bai taɓa cewa kwaɗo ya maye gurbin hakki ba, cewa ya yi yana zuwa bayan hakki. Mu kuwa mun biya bashi, muka ɗauka mun yi godiya.

Sannan ta ƙara da maganar da ta fi ta dattijon zafi. Ta ce, “Kuna ta zancen ma'aikata. Shekara nawa Goggo tana wannan aiki? Wa ya taɓa kiran sunanta a gindin tsamiya? Matan da ke yi mana sussuka da casa da shiƙa, da masu ɓarar gyaɗa har yatsunsu su yi kanta, wa ya taɓa kai musu kwano? Mu muna cikin gida muna jin hayaniyarku, abin da ya rage a tukunya shi ne namu.” Mu mazan muka yi tsit, domin ko Malam, duk da hangen nesansa, bai hango wannan ba. Lissafinsa na ma'aikata ya tsaya ne a ƙofar zaure. Wadda ta yi abin godiyar ita ce ba a taɓa gode wa ba.

Da kakar 2024 ta zo muka koma, mu tara cif. Abu na farko, aka biya kowa kuɗinsa ranar da ya gama aiki, ba a haɗa shi da ranar biki ba, don kada wani ya ɗauka tuwon da zai ci daga cikin jingarsa aka cire. Abu na biyu, muka ce wa Goggo bana hutawa za ta yi, mu za mu yi kwaɗon, ita ta zauna a kujera ta ba da umarni. Ta yi dariya har da tari. Muka ce kuma ƙulin da man sayensu za mu yi a wurinta a farashin kasuwa. Ta ce ba ta sayar wa 'ya'yanta abu. Yayarmu ta ce to ba sayarwa ba ce, bashin shekara arba'in ne aka fara ragewa. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane tana cewa, “Allah ya shirye ku.”

Aikin da muke gani kamar wasa sai ga shi ya gagari masu digiri. Kafin mu tsinke rabin ganyen bayanmu ya ƙage. Yaya ya matsa zogalen sama-sama, Goggo ta sa hannu ta taɓa ta ce, “Wannan ai miya za ka yi, sake matsewa.” Auta ya zabga gishiri, sai da aka ƙaro ganye aka gyara. Da aka gama ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce, “Ba laifi. Yunwa za ta taimake ku.” Kwano na farko cikin gida ya tsaya. Muka tara matan da suka yi mana aiki a tsakar gida, yayarmu ta bi su tana ɗiba tana kiran sunan kowace da aikinta, ta fara da Goggo. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali an daɗe da kashe wuta.

Kwano na biyu Yaya ya rungumo zuwa gindin tsamiya. A nan ma muka sake gane wani gibin, domin da ya zo kan samarin da suka yi mana aiki bana, bai san sunan rabinsu ba, bai kuma san wanda ya yi huɗa da wanda ya yi girbi ba. Sai ɗan'uwanmu mai kula da gandun ya bi bayansa yana raɗa masa. Ashe kiran sunan nan da Malam ke yi ba baiwar ƙwaƙwalwa ba ce, yana gonar ne tare da su tun daga shuka. Wannan kam ba a sayensa, ba a kuma koyonsa a yini guda. Da aka zo kan dattijon nan, ya karɓa ya kai baki, ya tauna a hankali ya ce, “Wannan ba hannun Goggonku ba ne.” Muka ce namu ne, Baba. Ya ce, “Na ji alama. Ƙaro mini.”

Ba za mu ce mun gyara duniya ba. Gayya tana ja baya, samari sun fi son acaba da cirani a kan fartanya, gonaki na ƙara tsukewa da rabon gado, kuma ɗan ƙwadagon gona har yau ba shi da dokar da ta tsaya masa. Kwano guda ba zai magance wannan ba. Abin da muka sani kawai shi ne, mutumin da ya yi maka aiki yana bin ka abu biyu: ɗaya ana ƙirgawa, ɗaya ba a ƙirgawa, kuma biyan na farko ba ya sauke na biyu. Kowa ya duba gidansu, zai tarar akwai wata Goggo da ke cuɗa wani abu a bayan danga ba a taɓa kiran sunanta ba.

Yanzu mun dasa sababbin zogale guda goma a dangar bayan gida, domin tsofaffin sun fara gajiya. Goggo ta ce a riƙa sare musu kai don su yi rassa, kuma ta sa an kira 'ya'yanmu, maza da mata, ta ce idan an yi hutu a kawo mata su ta koya musu matsar mai tun tana iya tsayawa a bakin turmi. Allah ya ba ta lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Malam da sauran magabata, ya sa wa manoma albarka a guminsu, ya kuma nuna mana wata kakar lafiya, amin.